Littafin gwanjo ya yanke min labari daidai wurin warwara

Baban Khalifa:
Slm jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah cigiya nake. Ran Lahadi na tsaya wajen masu baza littattafan gwanjo a ƙasa, na tsinci wani ƙaton littafin Turanci ba bango ba sunan wanda ya haɗa shi, tarin gajerun labaran binciken laifi ne na zamanin da, kowane labari da marubucinsa. Na miƙa wa yaron ɗari bakwai ina ta murna na yi tsintuwa. To labarin ƙarshe na wani farfesa ne da ya cika baki wai a kulle shi a kurkuku, a ɗakin waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, cikin sati ɗaya zai fito da tunaninsa kawai, abin da ya nema a bashi shi ne garin goge haƙori da dala 25, sannan a goge masa takalmi. Ina ta karatu har ƙarfe ɗayan dare, mutumin nan ya fito kuwa, an taru zai faɗi yadda yayi, ina buɗe shafi sai naga wayam, an yage bayan littafin. Wlh banyi barcin kirki ba. Wa yasan labarin nan?

Sarkin Gardama:
hhhhh mai ƙosai ta riga ka sanin ƙarshen labarin, da shi ta ƙunshe wa wani na ɗari biyu

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa abin da ka riƙe ai sananne ne, sunansa The Problem of Cell 13, na wani Ba'amurke Jacques Futrelle, farfesan kuma Van Dusen ake ce masa. A 1905 ya fara fita a wata jarida ta birnin Boston, kashi-kashi aka riƙa bugawa har aka sa kyauta ga mai karatun da ya gano dabarar kafin a buga ƙarshe. Ka ga kenan wanda ya yage maka shafukan nan ya mayar da kai 1905, sai dai kai ba kyauta. Shi marubucin a jirgin ruwan Titanic ya mutu a 1912, matarsa ta tsira. Ba zan faɗa maka dabarar ba, amma ka koma baya ka duba abin da yake ta kallo a ƙasan ɗakin tun ranar farko.

Baban Khalifa:
Allah ya ƙara girma Baba. Amma kuma kun ƙara min ciwon kai ne ai

'Yar Jami'a:
Yaya Baban Khalifa kyauta ne a Project Gutenberg, shafin intanet na tsofaffin littattafai, ka rubuta sunan marubucin zai fito. Ni fa abin da ke ban haushi da irin waɗannan kundayen kenan, ko bango babu zan iya faɗa maka abin da ke ciki. Akwai labarin marubuci Edgar Allan Poe a farko, ko na wasiƙar da aka sace ko na kisan Rue Morgue, akwai na mai bincike Sherlock Holmes ɗaya, akwai na Father Brown, limamin cocin nan mai bincike, ɗaya, sai Cell 13 ɗin nan. Ƙarya nayi?

Baban Khalifa:
Ikon Allah. Kamar kina leƙowa ta taga. Duk suna ciki

'Yar Jami'a:
Ka gani ko. Na sayi uku daban-daban a shekara biyu, kusan rabin labaran iri ɗaya ne, kowane edita kwafar na gabansa yake kamar 'yan aji ranar asayimen. Shi yasa na koma neman mujallun da labaran suka fara fita a ciki, an ɗauki hotonsu an zuba a intanet, kana karanta Holmes ga tallan sabulu da maganin tari a gefe, ga labaran wasu mutane da yanzu ko sunansu ba a ji kuma wlh wasu sunfi na cikin kundayen daɗi.

Tsohon Hedimasta:
'Yata kin faɗi gaskiya amma rabi. Kafin a zagi masu kundi a tuna cewa mujalla wata ɗaya take rayuwa, bayan nan sai kunna murhu. Ba don irin su Dorothy Sayers da ta haɗa babban kundi a 1928 ba, da marubutan nan biyu masu sa hannu da sunan Ellery Queen da suka fitar da na cikar shekara 101 a 1941, suna ƙirgawa daga labarin Poe na 1841 da ya fita a mujallar Graham's ta Filadelfiya, da yawancin labaran nan sun bi ruwa. Laifin na waɗanda suka zo daga baya ne, da suka ga an share hanya sai kowa ya bi sawu bai ƙara tono ba. Kuma ba duka ba. Ki nemi wanda Hugh Greene ya haɗa a 1970, The Rivals of Sherlock Holmes, wato kishiyoyin Holmes. Shi da gangan ya tsallake mashahuran ya je ya tono waɗanda suka yi zamani da Holmes aka manta da su. Mutumin ya taɓa shugabantar BBC gaba ɗaya, ƙanin marubuci Graham Greene ne. Yanzu ma ɗakin karatu na ƙasar Birtaniya yana sake buga irinsu, Martin Edwards ke zaɓowa, wani kundin duk labaran jirgin ƙasa, wani duk na birnin Landan.

Uwar Biyu:
Kishiyoyin Holmes hhhh Baba wannan fassarar taku tayi, ashe shima bai tsira ba

Sarkin Gardama:
Ni dai ku yafe min, duk labaran nan na Ingila wasan yara ne. An kashe mutum a falo, ba jini ba kuka, kowa na shan shayi, sai wani mai lofe ya kalli tokar taba yace wane ne. A ina ake haka? Ni da James Hadley Chase na tashi, muna karɓa-karɓa a hostel har littafi ya zama tsumma, daga baya na gano shima ruwan da ya sha daga Amurka ya gangaro, daga mujallar Black Mask. A 1920 aka kafa ta, takardar ma irin mai arhar nan ce da ke yin ja tana karyewa, marubuci kuma da kalma ake biyansa, kamar senti ɗaya ko biyu na kuɗin Amurka, to wanda yunwa ke bi ai ba ya tsayawa kwatanta labule. Nan Dashiell Hammett ya fito, kuma shi aikin ya taɓa yi da gaske a kamfanin masu bincike na Pinkerton, ba a ɗaki ya zauna ya ƙirƙiro ba. Raymond Chandler ma nan ya fara a 1933 bayan an kore shi daga aikin kamfanin mai, yana da shekara arba'in da biyar. A labaransu ɗan sanda na cin hanci, mai kuɗi na sayen alƙali, mai binciken a dake shi a jefar a kwata. Wannan ne yayi kama da duniyar da na sani

'Yar Jami'a:
Yaya Sarki to ai ba abu ɗaya ake nema ba. Naku faɗa ne, namu kacici-kacici. In ina son ganin ɗan sanda na karɓar na goro ba sai na buɗe littafi ba, titi zan fita

Sarkin Gardama:
kacici-kacicin da maciji ke jin fito yana shan madara yana hawa igiya? Maciji fa. Ku tambayi kowane gardi a kasuwa ko maciji na zuwa in an yi masa fito, kunne ma bai da shi irin namu. Kuma wai labarin Holmes ɗin nan ne shi marubucinsa Conan Doyle da kansa ya sa a na ɗaya da aka ce ya zaɓi goma sha biyu mafi kyau a 1927

Uwar Biyu:
Haba Sarki dan Allah!! Shi nake shirin karantawa fa ka fasa min ƙwai. Admin a ja masa kunne

Sarkin Gardama:
Hajiya labarin 1892 ne, ya girmi kakar kakarki, har yaushe za a yi ta ɓoyo

Admin:
A kiyaye dai. Duk wanda zai faɗi ƙarshen labari ya fara rubuta gargaɗi a sama. Shekarun labari ba hujja bane, kullum ana haihuwar wanda bai karanta ba.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga manya. Mu nan wajenmu ba da Holmes munka hwara ba, da Arsène Lupin munka hwara, ɓarawo mai kwat da ladabi wanda ka sata ya bar ma takarda ta ban haƙuri. Mushenmu na Faransanci ya kawo muna shi a lakwal. Shi ma ɗan mujalla ne, Je sais tout, a 1905, mai mujallar ya ga abin da Holmes ya yi ma Ingilishi ya ce ma Maurice Leblanc ya samo mai nashi. Abin dariya sai Leblanc ya ɗauko Holmes ɗin kanshi ya saka cikin labari don Lupin ya yi mai wayo, da anka yi ƙorahi daga Ingila sai ya juya baƙaƙen kawai ya koma Herlock Sholmès, ya ci gaba da abinshi. Kuma akwai ƙananan littattafan nan masu ruwan ɗorawa na Le Masque, tun 1927 ake buga su, har yanzu kana samun tsohinsu wajen masu baza littafi a Yamai

Sarkin Gardama:
Herlock Sholmès hhhh wannan ai irin Abibas ne na kasuwa

Almajirin Zaure:
Ina ta bin ku shiru. Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce a 1841 aka fara labarin bincike. Wanda ya karanta Suratu Yusuf ya ga yadda aka yi hukunci da riga, in ta gaba ta yage ga mai gaskiya, in ta baya ce ga mai gaskiya. Ga labaran Alƙali Iyasu ɗan Mu'awiya na Basra da firasarsa, ga 'ya'yan Nizar da suka siffanta raƙumin da basu taɓa gani ba, mai ido ɗaya ne, guntun wutsiya gare shi, daga sawunsa da kashinsa da gefen da ya ci ciyawa kawai. Ibnul Jauzi ya tara irin waɗannan a Kitabul Azkiya, to in ba kundi bane wannan menene? Sannan a Dare Dubu da Ɗaya akwai na tuffa uku, masunci ya jawo akwati daga kogin Dijla da gawar mace a ciki, Haruna Rashid ya ba waziri Ja'afaru kwana uku ya kawo wanda ya kashe ko a rataye shi

'Yar Jami'a:
Allah gafarta Malam, amma Ja'afaru ai bai binciki komai ba, gida ya koma ya zauna yana jiran mutuwa, masu laifin ne suka kawo kansu, tuffar ma a aljihun 'yarsa ya tsince ta yana sallama da iyali. Da a Strand ne, mujallar da ta riƙa buga Holmes, edita zai dawo masa da labarin

Almajirin Zaure:
Na Ja'afaru na bar miki. Na raƙumi fa?

Tsohon Hedimasta:
Na raƙumi Malam ya ci, babu abin da Holmes ya yi da sawun ƙafa da ya wuce wannan. Amma ku lura da inda bambancin yake. Basira tsohuwa ce, kowace al'umma na da labarin alƙali mai wayo, mu ma muna da su. Abin da ya zo sabo shi ne kasuwar. George Newnes ya fara Strand a Janairun 1891, sisi ake sayar da ita, kuma da yawan masu saye a tashar jirgin ƙasa suke ɗauka, mutum zai shiga Landan aiki yana son abin da zai gama kafin ya sauka. A lokacin mujallu dogon labari suke yankawa wata-wata. Doyle ya yi lissafi ya ce wanda fitowa ɗaya ta wuce shi ya rasa zaren sai ya daina saye, to me zai hana a riƙe mutum ɗaya da abokinsa da ɗakinsu, amma kowane wata labari ya fara ya ƙare. Kafin nan fa ya fitar da Holmes sau biyu a dogon labari, 1887 da 1890, bai yi wata ƙara ba. Da gajeren farko ya fita a Yulin 1891 sai gari ya ɗauka, har mujallar ta kai tana sayar da kusan rabin miliyan a wata. Da ya gaji ya tsuga musu kuɗi, fam dubu ɗaya kan labari goma sha biyu, yana zaton za su gudu, suka biya. Sai a Disambar 1893 ya jefa shi a wani kwazazzabon ruwa a Suwizalan don ya huta, bayan shekara goma ala tilas ya taso da shi. Gajeru 56 ya rubuta gaba ɗaya, dogaye 4. Ita hular nan ma mai baki gaba da baya da kowa ya san Holmes da ita, mai zanen mujallar Sidney Paget ne ya ɗora masa.

Uwar Biyu:
Baba Allah ya ja kwana, amma wannan lissafin na Doyle a wajenmu a juye yake. Ni ina rubutu, na sani. Mutanenmu dogo suke so, a yi shafi tamanin ana kuka ana kishi, kullum ka saki kaɗan ka yanke a inda ran mutum zai tsaya, gobe su biyo ka har da zagi in kayi latti, kuma a haka ne ake biyan kuɗin shiga group. Na taɓa gwada gajere na bincike, sarƙar amarya ce ta ɓata daren kai lefe, gida cike da dangi, na wahala wlh wajen dasa alamu, kwana tara ina gyara. Abin da na samu: "Anty shikenan?" "Anty ina ci gaban?" wata ma cewa tayi me yasa ba a je wajen malami an duba ba hhhh

Sarkin Gardama:
to ai gaskiyarta, a gidan biki na gaske kafin a kira ɗan sanda an kira mai turare

'Yar Jami'a:
Anty wannan ce ma doka ta biyu a dokoki goma da wani limamin Katolika Ronald Knox ya rubuta a 1929, a gabatarwar wani kundi ne ma ya sa su. Ba aljani ba tsafi ba wani abu na gaibu, ba guba da kimiyya bata sani ba, ƙofar sirri kar ta wuce ɗaya, mai binciken kar ya zama shi ne mai laifin, kuma duk alamar da ya gani dole a nuna wa mai karatu. Ta ƙarshe kuma taki ce, ba a kawo tagwaye sai an sanar tun farko

Uwar Biyu:
Ni da Hassana da Usainata an kore mu kenan tun 1929. Amma maganar gaskiya dokar aljanin nan ita ce wahalar, in ka cire shi daga labarin Hausa sai mai karatu yaga kamar an yi miya ba gishiri, in ka saka shi kuma bincike ya mutu, tunda komai zai iya faruwa

Almajirin Zaure:
A'a Hajiya akwai hanya ta uku, kowa a gidan ya yarda aljani ne, mutum ɗaya ya ce bari dai in duba sakatar taga. Ai shi kansa labarin Holmes na karen nan na Baskerville haka aka gina shi. Mu kuwa wa ya kai mu kayan aikin wannan

Tsohon Hedimasta:
Malam ya gama magana. Kuma 'yata kada ki ce mutanenmu basa son bincike. Muna samari akwai African Film, mujallar hotuna ta kamfanin Drum, da jaruminta Lance Spearman mai hula da sigari, Spear muke ce masa, ranar da ta iso wanda bai iya Turanci ba ma sai ya zauna a karanta masa. Abin da muka rasa wurin da zai riƙa fitar da gajere a kan lokaci ne, da edita mai iya cewa a'a. Dubi Ellery Queen's Mystery Magazine, tun 1941. Sunan na mutum biyu ne 'yan uwa, Frederic Dannay da Manfred Lee, Dannay ne ya riƙe ta har ya mutu a 1982. Ya ware fili musamman na wanda bai taɓa buga labari ba. A gasarsu ta farko William Faulkner na biyu ya zo, mutumin da bayan 'yan shekaru ya ci Nobel. A nan aka fara buga labarin Borges na Ajantina da Turanci, 1948. Akwai wani Edward Hoch da tun 1973 ba fitowar da ba labarinsa a ciki har ya mutu a 2008. Mutum ba ya yin haka sai ya san akwai inda ake jiransa duk wata.

Ɗan Maraɗi:
Ita wagga har da Faransanci anka riƙa buga ta, Mystère Magazine, daga 1948. Na taɓa samun guda biyu wajen wani tsoho mai gyaran agogo

Uwar Biyu:
Gasar Hikayata ta BBC Hausa tana ƙoƙari a gajeren labari, amma sau ɗaya ce a shekara Baba, sauran wata goma sha ɗayan fa me mutum zai ci

Sarkin Gardama:
ku kafa mujallar mana, ni zan zama editan da ke cewa a'a, dama na iya

'Yar Jami'a:
Kai da zaka kori duk labarin da ba a fasa wa wani baki ba

Sarkin Gardama:
Strand ta mutu 1950, Black Mask 1951, shekara ɗaya tsakani, kowa da nasa ya tafi, sai ki bar min gori

Baban Khalifa:
Jama'a na dawo. Na samo shi inda ƙanwata tace, na karanta a waya a shago har kwastoma ya tsaya yana min magana banji ba. Baba ashe abin da kuke nufi kenan da ƙasan ɗaki, ni kuwa sau biyu na wuce wurin ban kula ba, ina can ina lissafin me zai yi da garin goge haƙori. Amma akwai wuri ɗaya da ban gamsu ba, a ce duk wannan ya dogara da wani yaro ya tsinci abu a filin wasa ya kai inda aka ce? In da yaran unguwarmu ne dala goman nan ta tafi kenan, farfesa sai dai ya ƙarasa satinsa a ciki

Uwar Biyu:
GARGAƊI fa Baban Khalifa, Admin ya faɗa, nima yanzu na sauke shi

Baban Khalifa:
Afuwan Hajiya na yi shiru

Sarkin Gardama:
ɓera

Admin:
Sarki na cire ka na awa ashirin da huɗu.

Uwar Biyu:
Ya riga ya gama dani ai. Anty 'Yar Jami'a turo min sunan na kishiyoyin nan ta inbox, kuma in na sake gyara na sarƙar amarya zan turo miki ke da Baba ku duba kafin kowa, amma banda Sarki

Baban Khalifa:
Ni kuma Lahadi zan koma wajen yaron nan, naga wani a ƙarƙashin tulin mai irin takardar, shi kuma farkonsa ne babu. Baba in na turo hoton shafin da ya fara zaku gane min ko na waye?

Tsohon Hedimasta:
Turo da rana, idon ba ya son hasken waya da dare. Kuma wannan karon ka duba bayansa kafin ka biya.